Rabin Gashin Bakin Abu Nayif

Yayana Abu Haisam ba ya nan. Allah ya karɓi abinsa a farkon sanyin bana, ana gama tsinkar zaitun, kuma tun ranar da aka kai shi makwancinsa gidansa da ke kan tudu a Ajlun bai sake yin ɗumi ba. Ba ɗumin zuciya nake nufi ba, wannan ciwo ne daban. Ina nufin ƙarafan ɗumin da ke jikin bangon kowane ɗaki, waɗanda ruwan zafi ke bi ta cikinsu. Ruwan zafi na zuwa banɗaki lafiya lau, tukunyar dafa ruwan da ke ɗakin ƙasa tana shan man gas ɗinta tana gurnani, amma ƙarafan nan sun yi sanyi kamar dutsen rafi.

Tun da aka gina gidan, marigayi kaɗai ke taɓa kayan. Matarsa Ummu Haisam ba ta taɓa sanin wane maɓalli ne na me ba. Abin da ta sani shi ne da safe ƙarafa su ɗauki zafi ta shanya safa a kansu, bayan isha'i agogon tukunya ya kashe komai, don marigayi ba ya son ɓarnar mai.

Na tare a gidan ina taya ta zaman takaba, saboda haka a gabana aka yi abin da zan faɗa. Wanda ya yi shi kuma mijina ne, Abu Nayif, babu mai cewa ƙazafi na yi masa.

Abu Nayif ya yi zaman Kuwait yana saurayi. In ka tambaye shi aikin da ya yi, sai ya murza gashin bakinsa, wanda ya fi na kansa yawa, ya ce a tashar wutar lantarki yake. Bai yi ƙarya ba. Motar da ke kai ma'aikata tashar yake tuƙawa. Amma a bakinsa, rabin Kuwait ba ta ganin haske sai ya ba da izini.

Shi ya shirya falo ranar zaman makoki. Ya kawo ƙaton hoton marigayi, ya dubi bango, ya ga wani ɗan farin akwati mai girman sabulu a manne, ya ce wannan mummunan abu bai dace baƙi su gani ba. Ya buga ƙusa ya rufe shi da hoton. A ƙarƙashin hoton ya ajiye kaskon garwashi a kan ɗan teburin ƙarfe, ya jera butocin gahawar marigayi. Kowa ya yaba. Ummu Haisam ta yi alkawari a ranta cewa gahawar mijinta ba za ta huce ba sai an yi arba'in, don yana raye ba a taɓa shiga falonsa an tarar da ita da sanyi ba. Kullum da asuba ta hura wuta. Gida na ƙara sanyi, tana ƙara garwashi.

Da ta fara tari, ɗanta Haisam ya ji a waya daga Amman.

"Umma, wannan tarin fa?"

"Yaji ne ya sarƙe ni."

"Gwaggo ta gaya mini da bargo biyu kike salla. Ki saurare ni. Ranar arba'in zan zo, zan sa hannuna a kan ƙarfen falo. In na ji shi da sanyi, kina fita takaba zan zo da mota in kwashe ki, mu rufe gidan. Ɗaki yana nan yana jiranki."

"A hawa na nawa? In riƙa leƙen mutane ta taga kamar tantabara? Itacen lemun tsamin babanka fa, in bar wa wa?"

"Akwai lemun tsami a kasuwa, Umma."

Ta ajiye wayar ba sallama. A gidan nan aka kawo ta tana amarya, kuma daga tagar kicin tana hango tudun da aka binne shi. Ba ta ɓata lokaci ba, ta kira mai gyara.

Mai gyaran ya iso da akwatin kayansa, sai ya yi karo da Abu Nayif a bakin ƙofa, ya tare hanya da tumbinsa.

"Yaro, ina zuwa?"

"Tukunya aka ce in duba, Baffa."

"Tukunyar surukina? Ina raye? Ka taɓa zuwa Kuwait?"

"A'a."

"To ka taɓa ganin wayar da ta kai kaurin cinyata?"

"A'a, amma—"

"Koma ka gaida babanka."

Maƙwabta biyu ne suka ga wannan: Hajiya Fidda, tsohuwar da ke gidan dama, wadda ba abin da ke wucewa a layin ba ta auna shi ba, da Abu Jiryis mai gidan burodi da ke tsallaken titi.

Hajiya Fidda ta ce, "Abu Nayif, kai da ka gyara mini rediyo har yau ba ta sake magana ba?"

"Ta huta ne, Hajiya. Da ta yi koyi da ita da unguwa ta zauna lafiya." Ya juya ya kama gashin bakinsa da yatsu biyu, ya ɗaga murya yadda Ummu Haisam za ta ji daga bayan labule. "Ku shaida! In ranar arba'in gidan nan bai yi ɗumi da hannuna ba, a aske wannan a gaban jama'a!"

Abu Jiryis ya ce, "Na shaida. Ina da reza sabuwa."

Ummu Haisam ta so ta ce wani abu, amma a garinmu namiji ba ya kama gashin bakinsa mace ta ce masa ya saki, balle mijin ƙanwar mijinta. Ta haɗiye maganar ta ce, "Allah ya taimaka."

Ya sauka ɗakin ƙasa da sukundireba da filaya da salatif. Ya buɗe akwatin wayoyi da ke kusa da tukunya. Wayoyi ne cunkus, ja da baƙi da shuɗi da ruwan ƙasa, marigayi ya ɗaure kowace a mazauninta tsaf. Abu Nayif ya girgiza kai.

"Allah ya ji ƙan Abu Haisam, mutumin kirki ne, amma wannan aikin kafinta ne."

Ya shiga cire su ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa. Ummu Haisam tana tsaye a saman matakala ta ce, "Abu Nayif, ba za ka sa musu alama ba, don ka gane inda kowace ta fito?"

"Alama ta ɗalibai ce, 'yar'uwa. Duk suna nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da filaya. Sannan ya miƙa hannu ya kama jar waya, wadda bai kashe wutarta ba.

Ta ɗaga shi sama. Kansa ya daki bututu, bututu ya yi ƙara kamar an buga tasa, hularsa ta faɗa cikin bokiti.

"Innalillahi! Wuta ta ja ka?"

"Wa? Ni?" Yana yarfe hannu, idanunsa na zubar da ruwa. "Gaisawa muka yi. Mun daɗe ba mu haɗu ba."

A ranar, ruwan zafin banɗaki, wanda shi kaɗai ne bai tafi tare da marigayi ba, shi ma ya tafi. Ummu Haisam ta yi alwalar magariba da ruwan buta.

Washegari ya mayar da wayoyin yadda goshinsa ya gaya masa. Sai da ya gama ya ga biyu sun yi saura a hannunsa, sirara. Ya dube su, ya ce ragowa ce, ya cusa su inda ya ga rami. Ya kunna. Shiru. Ya buga wa tukunya tafin hannu. Shiru. Yana cikin yi mata magana da zafi sai Abu Jiryis ya iso ƙofar gida da burodin safe ya danna ƙararrawa.

Tukunya ta ce fuuu, ta kama da wuta.

Abu Jiryis ya ɗauke yatsa. Ta mutu.

Abu Nayif ya haura matakala da gudu. "Wa ya danna? Sake dannawa!"

Ya danna. Fuuu. Ya saki. Shiru.

"Allahu akbar! Kun gani? Haka ake yi a manyan gidajen Kuwait. Baƙo na danna ƙararrawa, gida ya fara yi masa ɗumi. Abu Jiryis, kar ka saki."

"Har yaushe?"

"Har ruwa ya yi zafi."

"Ni da na bar burodi a tanda? Ka ɗauki yatsana haya ne?"

Abu Nayif ya zaro tsinken ashana ya soke a gefen maɓallin ya maƙale shi. Ƙararrawar gidan irin mai waƙar nan ce, ta kama rerawa ba tsayawa. Ba a jima ba sai ga Hajiya Fidda tana gangaro da tukunyar gas ɗinta ta girki a kan titi, ta ɗauka motar masu sayar da gas ce ta shigo layi da kiɗanta. A bayanta matan layin sun fito, kowace da tata. Suka tsaya suna waige-waige.

"Ina motar?"

"Babu mota, Hajiya. Ci gaba ne."

"Ci gaba? Na ja ƙarfen nan da wannan ƙugun nawa saboda ci gaba? To zo ka mayar mini da shi, injiniyan Kuwait."

Sai da ya mayar wa kowace da tata har kicin. Ya dawo yana haki, ya cire safar ƙafarsa ya cusa a bakin ƙararrawar da ke zaure. Daga nan ta daina waƙa, ta koma nishi kamar kyanwa a cikin buhu.

Ruwan zafi ya dawo, har ya wuce yadda ake so, ana buɗe famfo sai tururi. Ummu Haisam ta lura in ashanar ta daɗe a soke, bututun ƙasa na fara ƙugi, don haka ta riƙa lallaɓawa tana zare ta in ba ya kallo. Amma ƙarafan ɗaki ko gezau. Kullum ta sa tafin hannunta a kan na falo, ta ɗago ta dubi hoton mijinta, ta ƙara garwashi.

Abu Nayif ya kanga kunne a jikin ƙarfen ya daɗe yana saurare kamar likita.

"Iska ce. Iska ta shiga bututu. Yanzu zan kore ta."

A ranar kuwa mata sun taru a falo suna naɗe ganyen inabi da shinkafa don abincin arba'in, faranti ya kusa cika. Akwai 'yar ƙaramar ƙusa a gefen ƙarfen da ake murzawa kaɗan iska ta fita. Abu Nayif ya ce wannan na yara ne. Ya sa filaya ya kwance babban murfin gaba ɗaya.

Baƙin ruwa, wanda ke cikin bututun tun Haisam na rarrafe, ya yi tsartuwa ya ƙetare falo. Ya wanke farantin ganyen inabi, ya wuce ya sami Hajiya Fidda a farin mayafin da ta zo da shi daga Makka.

"Wayyo Allah! Ya kashe ni! Mayafina ya taɓa Ka'aba, kai kuma ka shafa masa kashin jaki!"

"Dattin ne ke fita, Hajiya, alamar lafiya ce!"

"Alamar lafiyar gidanku!"

Murfin ya gangara ƙarƙashin kujera. Abu Nayif ya toshe ramin da babban yatsansa, ya durƙusa a nan ba halin motsi, mata na rarrafe suna nema. Hajiya Fidda ta ga murfin tun farko, ta taka shi da ƙafa ta zauna abinta, ta sa aka zuba mata gahawa, ta karanta masa tarihinsa tun daga ranar da ya zo neman aure da aron takalmi. Sai da aka kira la'asar ta ɗaga ƙafar.

Ana gobe arba'in tukunya ta ƙi tashi sam, ko an danna ƙararrawa. Wani jan maɓalli ya kama haske a gabanta. Abu Nayif ya danna shi. Ta yi tari ta mutu. Ya sake dannawa. Ta sake tari. Bai san duk dannawa ɗaya mai take fesawa a cikinta ba, ya yi ta dannawa kamar mai jan carbi, har warin man gas ya hauro kicin.

Ummu Haisam ta leƙo. "Abu Nayif, don girman Allah ka bar ta haka."

"Taurin kai take yi mini. Ni kuwa na ga waɗanda suka fi ta." Ya durƙusa, ya buɗe 'yar tagar da ake leƙen wuta, ya kai fuskarsa daf, ya danna.

Bum!

Tagogin gidan suka amsa. Tantabarun Abu Jiryis suka tashi gaba ɗaya. Da hayaƙi ya lafa, sai ga Abu Nayif yana hawowa a hankali, fuskarsa baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, idanu kawai ke fari. Gashin bakinsa na dama yana nan a murɗe yadda ya saba. Na hagu babu shi, sai ƙauri.

"Ta tashi," in ji shi.

Hajiya Fidda, wadda ƙarar ta fito da ita ba takalmi, ta dube shi sama da ƙasa. "Ta karɓi rabi ke nan. Saura rabi gobe."

Ummu Haisam ta shige ɗaki ta kira mai gyaran nan a ɓoye, tana roƙonsa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni ban taɓa ganin wayar da ta kai cinya ba. Ku kira Kuwait." Ta zauna a bakin gado ta dubi akwatunan da ke saman kabad, irin waɗanda ake zuba kaya in za a tashi, ta kawar da kai.

Ranar arba'in aka wayi gari da dusar ƙanƙara a kan tuddai. Tun da sassafe Abu Nayif ya iso, ya naɗe rabin fuskarsa da jan rawani. Ya ce ya gano matsalar: ba a barin tukunya ta yi zafi sosai, akwai mai zare masa ashana. Ya soke sabuwa, ya naɗe maɓallin da salatif har ya zama kamar kan mai rauni, ya ce duk wanda ya taɓa bai yafe ba.

Baƙi suka cika gida. Maza a falo, kowa cikin babbar rigar sanyi, ana magana hayaƙi na fita daga baki. Mata a ɗakin ciki. Takalma sun yi layi a bakin ƙofa. A kicin naman mansaf, abincinmu na taro na shinkafa da rago, na dahuwa. Haisam ya iso, ya sumbaci hannun mahaifiyarsa da goshinta, ya shiga falo, bai ko zauna ba ya miƙa hannu ya dafa ƙarfe. Ya daɗe da hannun a wurin. Ya juyo ya dubi labulen da take tsaye a bayansa.

"Yana zuwa, ɗana," in ji Abu Nayif ta cikin rawani. "Zafi daga ƙasa yake tasowa. Kimiyya ce."

"Baffa, me ya sami fuskarka?"

"Haƙori."

Limamin unguwa ya gyara murya ya fara karatu. Bai yi nisa ba sai aka ji ƙwam daga ƙarƙashin ƙasa. Liman ya dakata, ya ci gaba. Ƙwam! Ƙwam! Finjalan gahawa suka fara rawa a kan faranti. Wani tsoho ya ce a hankali, "Marigayi ne ke amsawa?" Na kusa da shi ya zungure shi.

Sai Abu Jiryis ya faɗo falo ba sallama. "Jama'a, rufin gidan nan na hayaƙi! Ruwan zafi na zubowa daga sama!"

Gaskiya ya faɗa. Ruwan tukunya ya tafasa ya rasa hanya, ya haura tankin da ke kan rufi, ya yi ambaliya, yana kwararowa ta indararo daidai kan takalman baƙi. Aka yi waje da gudu, aka bar ƙofofi a wangale. Kowa na tsalle a cikin tururi yana neman nasa. Takalmin liman ya cika taf kamar kwanon miya. Ana cikin haka safar da ke bakin ƙararrawa ta yi tsalle ta fita, waƙa ta ɓarke da iya ƙarfinta, wata mata a ƙarshen layi ta leƙo da tukunyar gas.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa!" Abu Nayif ke ihu, rawani ya warware, rabin gashin baki a fili. "Haka take yi in za ta fara!"

Bututun da ke cikin bangon falo ya yi wata bugawa da ta fi duka. Ƙusa ta fita, hoton marigayi ya sulluɓo zai faɗa cikin garwashi. Haisam ya yi tsalle ya cafe shi. Ummu Haisam ta manta da labule, ta manta da maza, ta shigo ta naɗe hannu da mayafi ta ja teburin kaskon har tsakiyar ɗaki. Daga nan ta wuce ƙofar gida, ta ratsa tururi, ta yage salatif da haƙori, ta zare ashanar. Ƙararrawa ta yi shiru. Gurnanin ƙasa ya tsaya.

Iskar dusar ƙanƙara na shigowa ta ƙofa tana dukan bangon da hoton ya bari. A cikin shirun nan kowa ya ji ɗan farin akwatin ya ce ƙat.

Can ƙasa wani abu ya fara zuuu a hankali. Ƙarfen falo ya yi ƙululu kamar cikin mai yunwa. Na zaure ya amsa, na ɗakin mata ya amsa. Duk ruwan da ya tafasa tun safe ya sami hanya lokaci guda. Kafin baƙi su gama zazzage takalmansu su dawo, falo ya zama gidan burodin Abu Jiryis. Aka fara tuɓe rigunan sanyi. Liman ya cire rawani yana fifita da shi.

Haisam na tsaye rungume da hoton, yana kallon akwatin.

"Wannan ai ma'aunin ɗumi ne. Shi ke ba injin tura ruwa umarni. In ya ji zafi sai ya ɗauka gida ya yi ɗumi, ya tsayar da komai. Wa ya rufe shi da hoto, ya kuma hura masa wuta a ƙasa?"

Kawuna dai suka juya gefe ɗaya. Daga ɗakin mata muryar Hajiya Fidda ta taso tar: "Kuwait!"

"Gwaji ne," in ji Abu Nayif. "Ina so in ga ko yana aiki. Ga shi kuwa yana yi."

Haisam ya ajiye hoton. "Umma, kin ga abin da nake faɗa? Saura kaɗan gidan nan ya tashi da ke a ciki. Magana ta ƙare. Kina fita takaba—"

"Tsaya." Ta koma bakin labule, amma ba ta shiga bayansa ba. "Malam liman, ka yi mana shaida. Yaron nan cewa ya yi zai sa hannu a kan ƙarfen falo ranar arba'in, in ya ji sanyi in bi shi. Yau arba'in ce ko ba ita ba ce?"

"Ita ce, Hajiya."

"Rana ta faɗi?"

"Ko azahar ba a yi ba."

"To Haisam, sa hannunka."

"Umma, ai na riga na—"

"Ka ce sau nawa za ka sa? Sa hannunka, ɗan albarka."

Ya dubi maza, maza suka dubi silin. Ya miƙa hannu ya dafa ƙarfen.

"Wayyo!" Ya fizge yana hura yatsu.

"Da sanyi?"

Liman ya share zufa. "Sharaɗi ya cika, ɗana. Mun ji, mun gani, ga shi muna jiƙewa."

Haisam ya buɗe baki zai yi gardama, sai idonsa ya faɗa kan fuskar Abu Nayif, gefe ɗaya gashi a murɗe, gefe ɗaya fili kamar tafin hannu. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda bai yi ba tun ranar da aka kira shi aka ce ya taho. Ya zauna a ƙasa yana yi yana share hawaye, falo duka ya ɗauka. Ummu Haisam ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na motsi, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne.

"Ki zauna a gidanki, Umma," in ji shi da ya samu numfashi. "Amma Baffa zai ba ni sukundireba da filaya yanzu, a gaban liman."

Abu Jiryis ya zaro reza daga aljihu. "Saura alkawari. Cewa ya yi da hannunsa."

"To da hannun wa aka yi?" Abu Nayif ya ja da baya yana kare gefen da ya rage. "Wa ya tafasa ruwan? Wa ya buga ƙusar da ta fita a daidai lokacin da ake bukata? Kuna tsammani a banza na buga ta sako-sako?"

Liman ya ce shi bai taɓa karanta hukuncin rabin gashin baki ba, a kawo mansaf kafin ya huce. Aka ci da tagogi a buɗe. Sauran rabin ni na aske shi da kaina da muka koma gida, don ba zan bi titi da mutum yana tafe a karkace ba.

Mai gyaran ya zo bayan Haisam ya je har shagonsa ya ba shi haƙuri. Ya buɗe akwatin wayoyi, ya daɗe yana kallo, ya yi salati, ya nemi kujera. Yanzu hoton yayana yana ɗaya bangon, gahawarsa na kusa da taga, kuma Ummu Haisam na shanya safa a kan ƙarfe kowace safiya, tana hango tudunsa daga kicin.

Ku taya ni roƙo. Allah ya ji ƙan Abu Haisam, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya fi gidan da ya bari daɗin zama. Allah ya ba matarsa haƙuri, ya bar ta a ɗakinta har ƙarshen kwananta. Sannan gashin bakin Abu Nayif ya fara tsirowa, jiya kuma na same shi a tsaye a bayan firjinmu ya kanga kunne yana cewa bai yarda da ƙarar da yake yi ba. Allah ya tsare firjin nan. Ku ce amin.